Hannun da Ba Shi da Baki

A Dandamisa, idan aka idar da sallar magariba, magidantan unguwa sukan fito da tuwonsu ƙofar gidan babbansu. A shimfiɗa tabarmi, a jera akusa, a kewaye na wannan gida a cinye, a jawo na wancan. Ciyayya ke nan. Duk wanda aka daina gani a bakin akushi, to ko ya yi tafiya, ko yana kwance, ko kuwa ƙasa ta rufe shi. Inuwa mai mazarƙwaila ne kaɗai aka taɓa rasawa a wurin alhali yana cikin gari da ƙafafunsa, kuma hannunsa na hagu ne ya jawo masa.

Bahago aka haife shi. Tun yana rarrafe, in an miƙa masa abu da hagu yake karɓa. Mahaifinsa ba mugu ba ne, amma ya rantse ba za a ce ɗansa yana cin tuwo da hannun da ake tsarki da shi ba. Saboda haka duk lokacin cin abinci sai a ɗaure masa hannun a baya da igiyar rama, in kuwa ya miƙa shi wajen gaisuwa a make shi. Kafin ya isa kaciya hannun ya saduda. Mutane ma suka manta, in ban da Ja'afaru, ɗan kawunsa. Taubasai ne, wasa ya halatta a tsakaninsu, don haka har furfura ta fara fito musu Ja'afaru bai daina kiransa Bahago ba, wani lokaci kuma ya ce masa bawana.

Inuwa ya tashi mutum mai sanyin hali, ba ya son hayaniya. Rake yake nomawa a fadama. In ya nuna ya sare, ya kai wurin injin matsa, irin wanda doki ke kewayawa yana jan wani dogon itace, haƙoran ƙarfe suna tatse ruwan. Ya dafa ruwan har ya yi kauri, ya zuba a ƙananan kwanuka ya daskare. 'Yan sari a kasuwar Makarfi sun san mazarƙwailarsa ba ta yin ɗacin ƙuna. Da matarsa Zulai da 'ya'yansu suna zaune cikin rufin asiri. Ba shi da wata hira da ta wuce ta bakin akushi a ƙofar gidan Malam Sada, dattijon unguwa. Can ma sauraro ya fi yi, amma a wurin yake jin shi mutum ne cikin mutane.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba abin ya faru. Ƙudan zuma da zaƙin rake ya tara suka harbi dokin, ya zabura, itacen ya zo da ƙarfi ya sami Inuwa a kai yana sunkuye. Aka ɗauko shi kamar gawa. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba, sannan ya buɗe ido, ya nemi ruwa. Magana ta dawo, tafiya ta dawo, aka yi ta zuwa barka.

Zulai ce ta fara lura. Da safe ya ɗaura mazagin wandonsa, yana sakin hannu sai hagun ya bi ya kwance. Ya sake ɗaurawa, ya sake kwancewa. Ya sa hula da dama, hagun ya cire ya ajiye.

Ta yi dariya ta ce, "Malam, yau kuma wasan yara kake ji?"

Ya dubi hannun, ya dube ta. Ya ce, "Ba ni ba ne."

Ta daina dariya.

Ranar da ya fara komawa ciyayya, tuwon dawa ne da miyar kuka daga gidan Malam Sada, har da 'yar tsokar kaza, don murnar tashinsa. Aka wanke hannu, Malam Sada ya yi bisimilla. Inuwa ya kai loma ɗaya da dama. Kafin ya haɗiye, sai ga hannun hagu ya taso daga kan cinyarsa ya nutse cikin miya har wuyan hannu. Inuwa ya cafke shi da dama ya mayar, ya danne da gwiwa. Aka yi kamar ba a gani ba, aka ci gaba. Can sai hannun ya zame, ya tsallake gaban mutum biyu, ya ɗauke tsokar da ke gaban Malam Sada.

Dattijon ya janye hannunsa daga akushin a hankali, ya jawo buta ya wanke.

Ya ce, "Inuwa, ashe jikin da saura."

"Allah gafarta Malam, wallahi ba ni na aike shi ba."

"Mun ji. Allah ya sawwaƙe."

Babu wanda ya sake taɓa tuwon. Kashegari da Inuwa ya fito, ya tarar an ajiye masa ɗan akushinsa shi kaɗai a gefen tabarma, yadda ake yi wa mai cutar da ake gudu. Ba wanda ya faɗa masa maganar banza. Ya zauna ya ci loma biyu yana jin hirarsu a bayansa, ya tashi ya shiga gida. Daga ranar bai sake fitowa ba.

An yi magani na rubutu, ya sha har cikinsa ya gaji. An yi na hayaƙi. Tsofaffin mata suka ce iskar fadama ce ta sami ƙofa a buɗe ranar da ya suma, ta shiga ta zauna a hannun. Shi kuwa sai ya tuna maganin mahaifinsa. Ya nemo igiyar rama, ya sa Zulai ta ɗaure masa hannun a baya. Tana ɗaurewa tana kawar da kai. In an kwance shi, sai ya ɗora shi a kan gwiwa ya yi ta zaginsa: ɗan banza, maras kunya, ka raba ni da mutane. Hannun kuma ya ƙara ƙangarewa. Ya ture masa kwanon fura, ya fizge masa carbi, sau ɗaya har ya mare shi a gaban 'ya'yansa.

Amma ba marin ne ya fi ba shi tsoro ba. Wata rana da azahar yana gyangyaɗi a gindin tsamiyar gidansa, sai ya ji ana shafa masa fuska. A hankali ake yi, daga goshi zuwa tabon da itacen ya bari, zuwa hanci, zuwa gemu, yadda makaho ke laluben fuskar wanda ya daɗe bai haɗu da shi ba. Ya buɗe ido yana tsammanin ƙaramar 'yarsa ce. Babu kowa a tsakar gidan. Ya kasa ko motsi har hannun ya gama ya koma ya kwanta.

Da magariba kuma, in ya ji ƙarar akusa da dariyar Ja'afaru ta kan katanga, sai tuwon ya ƙi wuce masa.

Ja'afaru ne ya same shi wata safiya a wurin injin, tsaye kusa da haƙoran ƙarfen, ya ƙura musu ido, dokin yana kewayawa.

"Bahago, me kake kallo haka? Ko gadon injin aka bar maka?"

Inuwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Ja'afaru, mai hannu ɗaya ai ana cin tuwo da shi, ko?"

Ja'afaru ya dubi injin, ya dubi hannun. Ya kama linzamin dokin ya tsayar.

"Kai bawana, ashe haukan naka ya kai nan? Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kuma dukiyata ce kai, ba ka da ikon rage min ita. Ranar kasuwa mu hau mota mu tafi Zariya."

Likitan da suka samu a asibiti matashi ne, mutumin Zariya, bai daɗe da dawowa daga karatu a Ingila ba. Ya saurari labarin tun daga harbin zuma har zuwa tsokar kaza bai katse su ba. Sannan ya sa aka ɗaure wa Inuwa ido da ƙyalle. Ya ɗora masa mabuɗi a tafin dama.

"Malam Inuwa, me ke hannunka?"

"Mabuɗi."

Ya karɓa. Ya ciro goro daga aljihu ya sa masa a tafin hagu. Yatsun suka rufe a kai, suna juya shi, suna latsawa.

"Yanzu fa?"

Inuwa ya ce, "Kamar dutse. A'a, ko ludayi ne? Likita, anya ka ba ni wani abu?"

Ja'afaru ya buɗe baki zai yi tsiya, likitan ya ɗaga masa hannu. Ya karɓe goron ya haɗa shi a faranti da mabuɗin da cokali da ɗan dutse da kwalbar magani, ya tura gaban hannun hagu, ya ce a nemo abin da aka riƙe ɗazu. Hannun ya shiga farantin ya laluba. Ya ture cokali, ya ture dutse, ya ɗauko goron, ya ɗaga shi sama.

"Me ka ɗauko?"

"Ban sani ba," in ji Inuwa. "Na ɗauko wani abu ne?"

Aka kwance masa ido ya ga goro a hannunsa.

Likitan ya karɓa ya ɓare shi biyu, ya ɗora ɓarin a kan tebur kusa da juna. Ya ce, "Ƙwaƙwalwar mutum haka take, ɓari biyu. Ɗaya yana riƙe da hannun dama, kuma a wurinsa magana take. Ɗayan yana riƙe da hannun hagu. Yana gani, yana gane abu, yana gane mutane, amma ba shi da baki. A tsakaninsu akwai jijiyoyi masu kai saƙo, kamar ɗan aike tsakanin gida biyu, shi ya sa mutum yake jin kansa ɗaya. Ina zaton itacen nan ya tsinka maka wasu daga ciki. Kwanan nan a Amurka likitoci suka raba su da gangan ga masu farfaɗiyar da ta gagari magani, suka ga irin abin da muka gani yanzu. A takarda na karanta. Ban taɓa zaton zan gani da idona ba."

Ja'afaru ya ce, "Wato ba iska ba ce."

"Ni dai ban ga iska ba."

Inuwa yana ta kallon ɓarin goron. Ya ce, "Likita, a cikin biyun nan wanne ne ni?"

"Duka."

"Shi wanda ba ya magana ɗin, yanzu haka yana jin mu?"

"Yana ji. Ba zan ce yana gane kowace kalma ba, amma ya san murya mai daɗi da marar daɗi."

Inuwa ya sunkuyar da kai. Zagin da ya yi ta yi a gindin tsamiya ya dawo masa ɗaya bayan ɗaya, da igiyar ramar Zulai, da ta mahaifinsa can baya. Ja'afaru kuwa ya tona masa asiri, ya faɗa wa likitan maganar injin. Likitan ya ce ko an yanke hannun, mai hannun yana nan a ciki, sai dai a raba shi da abu ɗaya da yake iya nuna kansa da shi. Ya ce ba a ɗinke irin wannan, wani lokaci yakan lafa da kansa. Shawararsa ɗaya ce, a daina ɗaurewa, a riƙa ba hannun abin da zai riƙe.

A motar komawa suka gwada. Ja'afaru ya sa masa guntun rake, hannun ya jefar ta bayan mota. Ya ba shi hularsa, ita ma ta bi raken, yaran mota suna dariya.

"To Bahago, ɗan'uwan nan naka ya fi ka tsada. Me kuma yake so, doki?"

Hannun ya fara jan rigar wani fasinja. Don kada a yi rigima Ja'afaru ya kamo shi da nasa hagun, hannun ya fizge. Motar ta faɗa rami, Ja'afaru ya kai hannun dama zai dafa, sai ya faɗa cikin tafin hagun Inuwa. Yatsun suka rufe a kansa. Ba matsa ba ce irin ta faɗa. Riƙo ne irin na gaisuwa, har da ɗan girgizawa. Daga nan hannun ya kwanta, bai sake motsi ba har suka wuce Kudan.

Ja'afaru ya zare a hankali ya sake miƙa hagu don ya gani. Hannun ya ture. Ya miƙa dama, ya karɓa.

Inuwa ya daɗe yana kallo. Da ya yi magana, ƙasa-ƙasa ya yi, kamar mai gudun kada na kusa ya ji. Ya ce, "Tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa miƙa masa dama."

Ja'afaru ya bar hannunsa a ciki har suka sauka.

Kashegari da magariba sai ga su sun fito tare, hannu cikin hannu. Hira ta tsaya. Ja'afaru ya yi sallama, ya zaunar da Inuwa a bakin babban akushi, shi kuma ya zauna a hagunsa, hannun damansa yana cikin hagun Inuwa.

Malam Sada ya ce, "Ja'afaru, mene ne haka?"

"Allah gafarta Malam, bawana na kawo ya ci tuwo. Wanda ya yi laifin kuma ga shi na kama, yana hannuna. In ya taɓa miya, ni za a kora."

"To kai da me za ka ci?"

"In ya gama na ci. Ubangida ai ba ya rasa haƙuri."

Wani ya yi 'yar dariya, ya haɗiye. Malam Sada ya dubi hannuwan biyu a kan tabarma. Inuwa yana jin bugun zuciyarsa har a tabon kansa. Sannan dattijon ya ce bisimilla, ya sa hannu.

Da farko kowa yana ci yana satar kallo. Hannun bai motsa ba. Inuwa ya kai loma, ya kai ta biyu, ya ji ɗumin tuwon da wasu hannuwa suke taɓawa tare da nasa, idonsa ya cika, ya ce yajin ne ya yi yawa. Da aka kusa kai ƙasan akushi, Malam Sada ya sa gefen hannu ya yanke wani sashe ya tura gaban Ja'afaru, ya ce kada kowa ya taɓa. Haka aka yi ranar, haka kuma aka ci gaba da yi. Ja'afaru ya riƙa cin tuwonsa da sanyi, yana mita kullum, wai ya sayi bawa ya zama shi ne bawan.

Hannun bai warke ba. Yakan kwance mazagi in ya ga dama, yakan cire hula a masallaci. Amma Inuwa ya daina zaginsa. Zulai ta ce takan ji shi da safe yana cewa, "Mun kwana lafiya?" sannan ya yi shiru kamar mai jiran amsa. In zai yanke shawara, ko ta sayar da rake ko ta auren 'ya, yakan faɗa da ƙarfi, ya ɗan dakata ya ga ko hannun zai yi wani abu. Ya zama ba ya cewa "ni" sai da ɗan jinkiri. Yaran da suka taso a lokacin sun san shi da mutumin da ke magana ƙasa-ƙasa ko da babu kowa kusa.

Bayan wasu damuna, ciwon ciki ya kwantar da Ja'afaru, bai tashi ba. Inuwa ya karɓi labarin kamar yadda ake son musulmi ya karɓa. Ya yi salati, ya ce Allah ya jiƙansa, dukkanmu can za mu, idonsa a bushe. Amma da aka ɗauki makara, hannun hagu ya kama bakinta. Aka kai maƙabarta yana riƙe. Da za a sauke gawar ya ƙi saki, sai da mutum biyu suka ɓanɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, Inuwa yana tsaye yana ba su haƙuri, yana cewa shi ya sallama, wallahi shi ya sallama.

Ranar da aka koma ciyayya bayan zaman makoki, ya fito don kada a ce bai fito ba. Ya zauna a wurinsa. Gurbin da ke hagunsa babu kowa, ba wanda ya iya matsawa ciki. Hannun ya sauka kan tabarma ya laluba wurin, ya laluba gaba kaɗan, sannan ya kwanta a buɗe, tafin yana kallon sama. Aka ajiye akushi, tururi yana tashi, ba wanda ya fara. Inuwa ya ga ɗan tsohon akushinsa a bayan wani, an fito da shi ko da za a buƙata. Ya yunƙura zai tashi tun kafin a miƙo masa.

Malam Sada ya ce, "Zauna."

Tsufa ya riga ya kama shi sosai, sai da ya dafa sanda ya miƙe. Ya kewayo bayan mutane yana jan ƙafa, ya zauna a gurbin Ja'afaru da ƙyar. Ya goge hannun damansa a riga, ya sa shi cikin tafin da ke buɗe. Yatsun suka yi ɗan jim, suka shafa ƙashin hannun tsohon da jijiyoyinsa, kamar suna tambayar wane ne. Sannan suka rufe.

Dattijon ya ce, "Inuwa, kai na yi maka gaisuwa tun ranar." Ya sunkuya kaɗan wajen hannun, ya rage murya. "Kai ne ban yi wa ba. Ya haƙuri?"

Inuwa ya buɗe baki zai amsa, sai ya fasa, don ba shi aka tambaya ba. Malam Sada ya ɗan runtse ido saboda ƙarfin riƙon, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "To, ku yi bisimilla. Ku rage min gefen nan."